Ku Tambaya Mu Amsa: Tsaron Masu Aikin Sa Kai a Ƙungiyoyin Unguwa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suke, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke yi, wato yadda ƙananan ƙungiyoyin taimakon juna za su ci gaba da aikin alheri ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa, nauyin ciyar da jama'a da jinyarsu ya sauka a wuyan matasan unguwa da iyaye mata, ta hanyar ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wuraren da ake dafa abincin sadaka. Na zaɓi huɗu daga cikin wasiƙun na taƙaita su, na kuma cire sunaye domin kare masu su.

Tambaya ta farko, daga Gadarif

"Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa. Tun watan Disamba na 2023, lokacin da Wad Madani ta faɗa hannun RSF jama'a suka kwararo mana, muke dafa adas, wani irin ƙananan wake, da balila, dafaffen hatsi ko wake, muna rabawa a wata makaranta. Wasu sun koma gida, amma tukunyarmu ba ta sauka ba har yau. Sau biyu ke nan faɗa yana tashi a layi, a na biyun har aka rotsa wa ɗaya daga cikinmu kai da sanda. Yanzu wasu 'yan ƙungiya sun ce mu tanadi gorori da wuƙaƙe, ko mu samo mai bindiga ya riƙa tsaya mana a ƙofa. Ana cikin haka sai aka gayyace mu horon kwana uku kan tsaro da hana tashin hankali. Shin zai amfane mu, ko ɓata lokaci ne?"

Ɗana, Allah ya ba ɗan'uwanku lafiya, ya kuma saka muku da alheri. Ku je horon, amma ku lura da waɗanda za ku tura. Abin da ƙungiyoyinmu suka saba yi shi ne a tura shugaba da ma'aji, su dawo da takardar shaida a maƙala ta a bango, alhali mai riƙe da ludayi da mai tsaron ƙofa da matan da ke gaban murhu, waɗanda fushin jama'a ke fara sauka a kansu, ba su ji ko kalma guda ba. Idan kujera uku aka ba ku, a ba mai ƙofa ɗaya, a ba ɗaya daga cikin masu girki ɗaya, ta ukun kuma a ba wanda ya iya rubutu, da sharaɗin cewa a makon da suka dawo za su tara kowa su maimaita abin da suka koyo.

Batun makami kuwa, ba na goyon bayansa ko kaɗan, kuma duk horon kirki zai gaya muku haka. Masu koyar da tsaron ma'aikatan agaji sukan kasa hanyoyin kare kai gida uku: samun karɓuwa a wurin jama'a, da kariya irin ta ƙofa da katanga da kyakkyawan tsari, sai tsoratarwa da ƙarfi. Ƙaramar ƙungiya irin taku ba ta da ƙarfin da za ta tsoratar da kowa, kuma a ƙasar da ake yaƙi, bindiga ɗaya a ƙofar takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, ta isa ta sa mai wucewa ya ɗauki wurin sansanin wani ɓangare. An riga an kama masu aikin sa kai a Sudan, an doki wasu an kashe wasu, bisa zargin suna yi wa abokan gaba aiki, kuma zargin daga ɓangarorin biyu yake fitowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe ma'aikatan agaji 383 a duniya a shekarar 2024, mafi yawansu 'yan ƙasa ne da ke aiki a cikin al'ummarsu kamar ku. Wuƙar da aka ajiye domin ɓarawo kuwa, ranar da rai ya ɓaci, a jikin maƙwabci take ƙarewa. Jarinku shi ne mai unguwa da limami da masu shagunan da ke kusa da makarantar su san ku, su san inda kuke samun kuɗi da yadda kuke kashe shi, su kuma shaida cewa ba ku taɓa tambayar mai yunwa ƙabilarsa ko ɓangaren da yake goyon baya ba.

Yanzu mu koma kan layin, domin a nan ne ciwon yake. Mutum ba ya ɗaga sanda don ya daɗe a tsaye kawai. Yana ɗaga ta ne idan ya hango gindin tukunya ya tabbata ba za a kai kansa ba, ko kuma ya ga an zuba wa wani ta bayan fage saboda sanayya. Saboda haka a sanar da jama'a tun da safe yawan kwanon da abincin ranar zai isa, a raba ƙananan katuna daidai wannan adadi, wanda bai samu ba a gaya masa gaskiya tun kafin ya ƙone a rana, a kuma rubuta shi a farkon na gobe. A ware ƙofar shiga daban da ta fita, a yi wa mata layinsu, a ba tsofaffi da masu ciki da naƙasassu wurin zama a inuwa, a ajiye randar ruwa kusa. A fara rabo a lokacin da aka faɗa. 'Yan ƙungiya da iyalansu su karɓi nasu a idon kowa, da kati irin na kowa, domin kwano ɗaya da ya bi ta taga yana rushe amanar wata shida.

Na taɓa tsayawa a wani wurin rabo inda wani magidanci ya iso a makare da bokitin roba a hannu, aka ce masa an gama. Ya jefar da bokitin, ya shaƙo wuyan rigar yaron da ke ƙofa, nan take samari biyar suka yi masa zobe kowa yana ɗaga murya. Wata dattijuwa daga cikin masu girki ta ajiye muciya, ta goge hannunta da gefen zane, ta ratso tsakaninsu da moɗar ruwa, ta ce wa samarin su ja da baya, sannan ta dubi mutumin ta ce, "Ɗana, sha ruwa tukuna, yara nawa ka baro a gida?" Ya ce shida, muryarsa na rawa. Ta ja shi gefe ƙarƙashin bishiyar darbejiya, suka zauna, ta sa aka kankaro masa abin da ya rage a gindin tukunya, aka rubuta sunansa a na gobe. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa shiga ajin horo ba, amma abin da ta yi shi ne ainihin abin da za a koya muku. Mutum ɗaya ne ke magana da mai fushi, saura su matsa. A sassauta murya, a bar hannuwa a fili inda zai gan su, a tsaya nesa da inda hannunsa zai kai, kada a tare masa hanyar fita, kada a taɓa shi, kuma kada a kunyata shi a gaban jama'a, domin namijin da aka ci wa mutunci a gaban mata da yara yakan ga ba shi da sauran abin da zai rasa. Amfanin horo shi ne ya sa wannan hikima, da Allah ya ba mutum ɗaya, ta zama ɗabi'ar mutum ashirin.

Akwai ranar da lallashi ba zai yi ba, kuma dole ku shirya mata tun yanzu. Ku amince a kan mutum ɗaya da ke da ikon cewa a dakatar da rabo, da alamar da zai bayar, da ƙofar da masu girki za su bi su fita, da gidan da za a taru a ƙirga kowa. Idan masu bindiga suka zo neman kaya, a ba su, kada kowa ya yi gardama ko ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, domin buhun adas ana sake samunsa. Kada a tara kayan abinci na wata guda a ɗaki ɗaya da kowa ya sani, kuma inda hanyar sadarwa ke aiki, biyan 'yan kasuwa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya fi yawo da damin kuɗi a aljihu. Mai zuwa sayayya kada ya tafi shi kaɗai, ya faɗi hanyar da zai bi da lokacin da ake sa ran dawowarsa, ya riƙe takardar shaidarsa, ya kuma tabbata babu hotunan yaƙi ko saƙonnin siyasa a wayarsa, tunda ana bincika wayoyi a shingaye.

Ku nace a koya muku taimakon farko da hannu, ba a kan allo kawai ba. Ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, wato Red Crescent ta Sudan, wadda ke aiki tun 1956, tana da rassa a jihohi kuma wannan fanninta ne, don haka ku nemi reshenta na Gadarif. Mafi muhimmanci shi ne tsayar da jini: a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, idan ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a zuba garin bunni, wato gahawa, ko toka ko ƙasa a rauni kamar yadda wasu suka saba, kada kuma a zare wuƙa ko ƙarfen da ya nutse a jiki. Wanda aka buga a kai, irin ɗan'uwanku, idan ya fara amai ko barci ya rinjaye shi ko maganarsa ta rikice, asibiti za a kai shi nan take ko da raunin ƙarami ne a ido. Bayan horon ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta duk abin da ya faru, har da faɗan da aka kusa yi ba a yi ba, kuma sau ɗaya a wata, bayan an wanke tukwane, ku yi atisaye: ɗaya ya zama mai fushi, ɗaya mai ƙofa, a gwada a gyara. Abin da jiki bai saba ba, ranar tsoro ba ya zuwa.

Tambaya ta biyu, daga Kasala

"Malam, ni ce shugabar wata ƙungiyar mata da ke taimakon waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Ana raɗe-raɗin cewa saurayin da ke rubuta mana sunaye yana ce wa 'yan mata su same shi da yamma idan suna son kati. Ɗan gidan mutunci ne, ina jin tsoron yi masa ƙazafi. Sannan wata yarinya ta gaya mini a asirce cewa an keta mata haddi a hanyar gudunsu. Na rasa inda zan sa kaina."

Hajiya, Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya, kuma kin yi daidai da kika haɗa maganganun biyu, domin horon tsaro da ya tsaya a kan kare ma'aikata daga jama'a, bai koyar da kare jama'a daga ma'aikata ba, rabin aiki ya yi. Wannan cuta ba a ƙungiyarki ta fara ba. A shekarar 2002 wani bincike ya bankaɗo yadda wasu ma'aikatan agaji ke lalata da yara 'yan gudun hijira a Gini da Laberiya da Saliyo a madadin abinci, abin da ya sa a 2003 Kofi Annan, yana Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fitar da ƙa'idar da ta haramta musayar kayan agaji ko kuɗi ko aiki da jima'i, ta kuma haramta kusantar duk wanda bai kai shekara 18 ba. Duk inda biro ɗaya ke yanke wa ya ci wa ya kwana da yunwa, ƙofar zalunci a buɗe take, ko ɗan wane ne ke riƙe da biron.

Tsoron ƙazafi abu ne mai kyau, amma ba sai kin zargi kowa za ki rufe wannan ƙofa ba. Daga gobe ki mayar da rubuta sunaye aikin mutum biyu, ɗaya mace, a fili, da rana. Ki sa a riƙa faɗa da babbar murya a duk taron rabo cewa kati kyauta ne, babu wanda ke da ikon neman komai a kansa, kuma babu rajistar da ake yi bayan la'asar ko a gidan wani. Ki zaɓi dattijuwa biyu masu riƙon amana, waɗanda ba danginsa ba ne, a sanar cewa duk mai ƙorafi ta same su. Shi kuma saurayin a ba shi wani aiki nesa da 'yan mata har a gama bincike, a gaya masa tsarin ne ya canja. Idan magana ta tabbata, a sallame shi gaba ɗaya, kuma idan yarinyar da abin ya shafa ta yarda, a kai ga hukuma. Kada a rufe maganar don darajar gidansu, domin 'yan matan nan ma 'ya'yan gidajen mutunci ne, yaƙi ne ya tsayar da su a layi.

Ita kuwa yarinyar da ta ba ki sirrinta, abu na farko shi ne ki riƙe shi. Kada ki gaya wa 'yan kwamiti, kada ki rubuta sunanta a WhatsApp, kada ki gaya wa iyayenta ko wani namiji ba da yardarta ba, domin a wasu gidajen fitar wannan labari yana iya jawo mata wata cutar. Kada ki tsare ta da tambayoyin yaya aka yi, ko me ya sa ba ta yi ihu ba. Ki gaya mata kin yarda da maganarta, kuma laifin ba nata ba ne. Jagorar taimakon farko ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2011 ta tattara aikin a kan abu uku, dubawa da saurare da sadarwa, wato ki lura da halin da take ciki, ki saurare ta ba tare da matsi ba, ki haɗa ta da masu iya taimaka mata. Ki san lokutan nan da ka, ki kuma koya wa duk matan ƙungiyarki: maganin rigakafin kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin awa 120. Ko da waɗannan lokuta sun wuce, kamar yadda nake zato a wannan karon, zuwa asibiti yana da amfani saboda sauran cututtuka da raunuka da duba ciki. Ki nemi ungozoma ko likita mace da kika amince da ita, ki kuma tuntuɓi Sashen Yaƙi da Cin Zarafin Mata na gwamnati domin ki san inda ake ba da wannan kulawa a jiharku. Ki raka ta idan tana so, amma ita za ta yanke shawarar kowane mataki. Ke ma, Hajiya, ki sami wadda za ki riƙa sauke nauyin zuciyarki a wurinta ba tare da ambaton suna ba, domin mai ɗaukar irin waɗannan labarai kullum shi ma yana jikkata.

Tambaya ta uku, daga yankin Sinja

"Malam, ni malamin makaranta ne. Ƙungiyarmu na share makarantu da masallatai tun da aka dawo gari, kuma yara sun tsinto wani ƙarfe mai kama da kwalba a bayan aji. Me za mu yi?"

Malam, ku dakatar da sharar a wannan wuri yau ɗin nan. An gwabza a yankinku tsakanin ƙarshen Yuni da Nuwamba na 2024, kuma duk inda aka yi haka akan bar harsasan igwa da rokoki da gurneti da ba su fashe ba, waɗanda tsatsa ba ta kashe su. Kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a ɗauke shi da nufin kai wa hukuma, kada a binne shi ko a jefa a rijiya. A koma da baya ta sawun da aka bi, a sa alama daga nesa, a hana kowa kusanta, a sanar da 'yan sanda ko Cibiyar Ƙasa ta Kawar da Nakiyoyi. Kada ku cinna wa tarin shara wuta a inda aka yi faɗa. Ku yi wa yara da masu tara tsofaffin ƙarafa magana ta musamman, domin su suka fi faɗawa wannan haɗari, ku kuma nemi masu wayar da kai kan ragowar makamai su zo makarantarku kafin ku ci gaba da gayyar.

Tambaya ta huɗu, daga Damazin

"Malam, ni dattijo ne a wata ƙungiyar Hausawa. Abin da ya same mu a 2022 bai fita daga ranmu ba. Matasanmu suna son a yi musu horon tsaro su kaɗai, ba tare da maƙwabta sun sani ba. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da na maƙwabta. Rikicin jihar Nilul Azraƙ, wanda ya taso daga taƙaddamar filaye da batun sarauta, ya ci fiye da mutum 100 a watan Yuli na 2022, sannan a Oktoba aka kashe fiye da 150 a yankin Wad al-Mahi cikin kwanaki kaɗan, dubbai suka bar gidajensu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a ce tsoronsa ba shi da dalili ba. Amma taron samari na ƙabila ɗaya a ɓoye, da sunan tsaro, ba zai ɓoyu ba, kuma idan labarinsa ya isa ƙetaren unguwa zai isa ne a matsayin shirin yaƙi, su ma su fara nasu.

Shawarata ita ce a yi horon a fili, a gayyaci matasan maƙwabta su zauna a tabarma ɗaya, a sanar da umda, wato basaraken yankin, da shehunan unguwa da limamai tun kafin a fara. Abin da ya fi cancanta a koya a irin wannan zama shi ne kashe jita-jita, domin a rikicin da ya wuce saƙonnin ƙiyayya a Facebook sun riga gaskiya isa kunnen mutane. A zaɓi mutum biyu ko uku daga kowane ɓangare, waɗanda ake jin maganarsu, su riƙe lambobin wayar juna, da alkawarin cewa duk labarin kisa ko satar dabba ko ɓarnar gona za a kira ɗaya ɓangaren a tabbatar kafin a yaɗa shi, kuma samari ba za su fita ba sai dattawa sun yi magana. Sudan tana da tsohuwar al'adar judiyya, inda ajawid, wato dattawa masu shiga tsakani, ke zama su sasanta, su yanke diyya da biyan ɓarna, kuma Hausawa ba baƙinta ba ne. Kakanninmu suna gaɓar kogin Nilul Azraƙ fiye da shekara ɗari, tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya taho gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, don haka kuna da dattawan da suka san gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kuma su ya kamata su buɗe zaman. A sa mata a ciki, domin a kasuwa da bakin famfo su ke fara jin canjin murya kafin maza su ji.

Wannan bai hana ku shirya wa mummunar rana ba: ku san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya, da wanda zai ɗauke su, da hanyar da za a bi, ku kuma gaya wa maƙwabtan cewa irin wannan shiri kuke yi, su ma su yi nasu. Ku yi ƙoƙari zaman farko ya kasance kafin kaka, lokacin da dabbobi ke saukowa amfanin gona bai gama tashi ba, sannan ka rubuto mini, Alhaji, ka gaya mini su wa suka amsa gayyatar da abin da aka tsayar.